Maganin da Riga Ta Sha

Gwaggo tana yawo tana gaya wa mutane cewa ita ta warkar da ɗan ƙanwata. A gidan biki ta faɗa, a cikin motar haya ta faɗa, har mai sayar da tumatir na bakin layinmu sai da ya ji. Ni kuwa a gabana aka yi komai, saboda haka zan faɗi yadda aka yi, wanda zai ji haushi ya ji.

Ƙanwata ita ce autar ɗakinmu. Hawainiya muke ce mata, kuma babanmu ne ya laƙaba mata sunan tun tana ƙarama, don idan aka aike ta sayen ashana sai an nemo wuta a maƙwabta an gama girki kafin ta dawo. Ba wasa take tsayawa yi a hanya ba. Tafiyarta ce haka, cin abincinta haka, maganarta haka. A makaranta duk abin da ta rubuta a jarrabawa daidai ne, sai dai ba ta taɓa kaiwa ƙarshen takarda ba kafin a kaɗa ƙararrawa. Da aka gaji aka kai ta shagon ɗinki. Can ma mai shagon bai daɗe ba ya sauke ta daga kan keke, ya ce wutar lantarkinsa take ɓata masa. Ya ba ta kujera a lungu kusa da dutsen guga, ya ce ta riƙa sa maɓalli, da kalmasa bakin riga, da warware ɗinkin da wasu suka yi a karkace. A wannan lungun ta yi shekaru, kanta a sunkuye, zare a baki, ba ta taɓa cewa an rage mata matsayi ba. Ni ce nake yi mata faɗan da ba ta yi wa kanta.

Ta auri wani mai gyaran fanka da ake ce wa Injiniya, ko da yake ban san makarantar da ta ba shi wannan suna ba. Mutumin kirki ne, ba ya duka, ba ya zagi, ba ya kuma iya cewa a'a ga yayarsa. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma kowa Gwaggo yake ce mata, har shi kansa. Haihuwa ta yi wa ƙanwata jinkiri, shekaru suka yi ta wucewa shiru. Gwaggo takan ce a gaban mutane, tana dariya, wai har cikin ma tafiyar hawainiya yake yi. Ƙanwata takan yi murmushi ta ci gaba da sa maɓallinta. Da Allah ya kawo rabo ta haifi namiji mai haɗe gira kamar wanda ake jira ya sa hannu a takarda, sai muka riƙa ce masa Ciyaman.

Bai fara zama ba tukuna tari ya kama shi, da zazzaɓi, ƙirjinsa yana ƙara idan ya ja numfashi. A asibiti aka ba su magani na ruwa, ja-ja mai kauri, a 'yar kwalba, tare da sirinji marar allura da za a riƙa auna masa da shi. Aka ja musu kunne cewa sai ya shanye kamar yadda aka tsara, ko da ya fara jin sauƙi.

Ƙanwata tana cikin gwada ba shi na farko Gwaggo ta shigo dubiya. Ta tarar da ita zaune a bakin gado, yaro yana ta turo maganin waje da harshe, ita kuma tana lallashinsa kamar mai neman alfarma.

"Me nake gani haka? Roƙonsa kike yi? Kawo shi nan."

A nan dole in yi adalci. Ban ce Gwaggo muguwa ce ba, tana son yaron nan. Kuma ta yi suna a unguwarsu wajen ɗure, har aikowa ake yi a kira ta idan yaro ya ƙi magani. Ga yadda take yi: ta miƙe ƙafafu, ta kwantar da yaro rigingine a kan cinyarta, ta danne hannuwansa da gwiwar hannu, ta matse masa hanci da yatsu biyu. Da ya buɗe baki neman iska sai ta juye cokali gaba ɗaya. Kafin ka ce me, an gama. Sirinjin kuwa ta ɗaga shi ta duba, ta ce, "Allura ba tsini, aikin banza," ta jefa shi cikin gwangwanin maɓallai.

Haka ta yi wa Ciyaman. Yaro ya shaƙe, ya yi ta tari, idanunsa suka firfito, fuskarsa ta canza launi. Ta ɗaga shi sama ta girgiza, ta goge masa wuya da bakin rigarsa, ta miƙa wa uwarsa.

"Ya shiga. Kin ga yadda ake yi?"

Ba a jima ba ya yi amai. Gwaggo ta leƙa ta ce nono ne kawai, magani ya riga ya wuce ciki.

Daga ranar ta ɗauki aikin. Duk lokacin magani sai ga ta, ko ta sa Injiniya ya ɗauko ta a babur. Idan ta gama sai ta ɗaga kwalbar wajen hasken taga ta nuna masa. "Ka gani? Tana sauka." Shi kuma ya gyaɗa kai ya yi godiya. Da kwalba suke auna lafiyar yaron. Muddin magani yana raguwa a cikinta, to a wurinsu aiki yana tafiya. Ba wanda ya tambayi inda yake zuwa bayan ya bar cokali.

Yaro kuwa bai ji sauƙi ba. Jikinsa da zafi, tarin yana nan. Ƙari a kan haka, ya tsorata da duk abin da ya nufo bakinsa. Ko cokalin shayi ya ji ya bugi kofi sai ya sandare ya fara ihu. Har nonon ma sai ya riƙa kama shi yana saki, yana waige. Kumatunsa suka fara zubewa.

Da kwalba ta kusa ƙarewa babu canji, Gwaggo ta nemo wanda za ta ɗora wa laifi, kuma ba ta yi nisa ba. Ta ce ƙanwata tana barin fanka a kansa, tana daɗewa da shi a ruwan wanka, nononta ma bai ƙosar da shi. Ta ce za ta tafi da yaron gidanta ta sa shi a madarar gwangwani har ya warke. Injiniya ya sosa ƙeya ya ce wa matarsa, "Na ɗan lokaci ne fa. Ki yi haƙuri." Ni na san ɗan lokacin Gwaggo. Akwai 'yar ƙanwarsu da ta karɓa na ɗan lokaci, a gidanta aka yi mata aure.

Da safe ina shagona ina jera sabulu a kanta, sai ga Hawainiya da goyo, riƙe da baƙar leda. Muka gaisa. Ta kwance ledar ta zazzage a kan teburina. Rigunan yaro ne, da ƙyallayen da ake sa masa a wuya, da tawul ƙarami. Duk sun yi ja, sun ƙandare kamar an sa musu sitaci, ƙudaje har sun fara zuwa.

"Mene ne wannan kika zubo min a kan kaya?"

"Yaya," ta ce, a hankali yadda ta saba, "kin ga wanda yake shan maganin."

Ashe tun rana ta biyu ta daina wanke su. Ta lura duk rigar da ta jiƙa sai ruwan bokiti ya koma ja, sai ta riƙa ninke su tana ɓoyewa a ƙarƙashin katifa. Na ɗaga wata na shinshina, ƙamshin maganin nan ne sak, mai zaƙi-zaƙi. Wani ya gangaro ta wuyansa, wani ya dawo da amai.

"Kuma kika yi shiru duk kwanakin nan? Bakinki ciwo yake yi?"

"Na faɗa. Ba su jira na gama ba."

Na rufe shago muka koma asibiti. Ma'aikaciyar jinyar da ta duba shi ta ga rigunan ta riƙe baki. Ta ce kada a sake toshe masa hanci, maganin yana iya bi ta hanyar numfashi ya shiga huhu. Likita ya saurari ƙirjinsa, aka ba da sabuwar kwalba, aka ce idan bai fara sha yadda ya kamata ba, ko numfashinsa ya ƙara nauyi, a dawo da shi nan take a ba shi gado.

Da muka isa gidansu akwai tasi a ƙofa. A falo ga Gwaggo ta yafa mayafi, ga jakar yaro an cika ta an zuge, ga gwangwanin madara sabo a kai. Injiniya yana tsaye a bakin taga yana murɗa wata waya a yatsa.

"Sai yanzu?" in ji Gwaggo. "Mai mota yana ta jira. Sauko min da shi."

Na buɗe baki zan fara, don na tanadi maganganu tun daga asibiti, sai na ga ƙanwata ta wuce. Ba ta yi sauri ba, ba ta iya ba ma. Ta ratsa ta gaban Gwaggo, ta ratsa ta gaban mijinta, ta tsaya a teburin ɗinkinta ta ɗauki gwangwanin maɓallai, ta shiga uwar ɗaki. Muka ji ƙarar makulli. Sannan muka ji ana jan wani abu mai nauyi a ƙasa, ƙiii, har ya daki ƙofa. Tsohon keken ɗinkin da ta gada wajen innarmu ne, mai ƙafar ƙarfe.

Ban taɓa jin daɗin ƙarar ƙarfe a kan siminti irin na ranar ba. Na jawo kujera na dasa a bakin ƙofar na zauna, na ɗora jakata a cinya.

"Ke, tashi daga nan," in ji Gwaggo.

"Na gaji ne, Gwaggo. Ƙafata ke ciwo."

"Gidan ƙanina ne."

"Ƙofar ƙanwata ce."

Ta juya kan Injiniya. "Kana tsaye kana kallo? Mata biyu sun mayar da kai hoto a gidanka?"

Ya matso ya ƙwanƙwasa ta saman kaina, a hankali, kamar mai neman aron gishiri. "Maman Ciyaman, buɗe mana a yi magana."

Daga ciki ta ce, "Ina ba shi magani."

"To ki buɗe Gwaggo ta taimaka."

"Ta taimaka ai."

Na zazzage ledar nan a tsakiyar falo. Na ce, "Injiniya, kai da kake gyaran fanka, idan ka zuba mai ya tsiyaye a ƙasa, cewa kake fanka ta sha? Ga maganin ɗanka nan, ɗauki ka shinshina." Ya ɗauki riga ɗaya ya juya ta, ya kai hanci. Gwaggo ta ce kowane yaro yana zubar da kaɗan, ita ta raini yara sun fi a ƙirga, ba wanda ya mutu a hannunta. Na ce Allah ne ya tsare, ba cokalinta ba. Ta ce ba ni da kunya. Na ce an daɗe da sanin wannan.

Mai tasi ya yi ta danna hon har ya gaji ya leƙo. "Hajiya, za a tafi ko in kama gabana?" Ta ce ya jira. Ya jira, ya sake leƙowa, daga baya muka ji tashin motarsa.

A ciki kuwa ba ihu. Abin da ya fi tayar wa Gwaggo hankali ke nan. Sai ɗan ƙunƙuni, sai muryar uwar ƙasa-ƙasa, sai shiru, sai kuma ƙunƙuni. Gwaggo ta kasa zama. "Magani ake bayarwa ko kitso ake yi?" Shayin da Injiniya ya haɗa mata ya huce a kofi ba ta taɓa ba.

Can aka ja keken baya, ƙofa ta buɗe. Ta fito da yaron a kafaɗa. Ta canza masa kaya, ta sa masa farar riga fat, wadda ta ɗinka masa da hannunta tun yana ciki. Ta ajiye sirinjin a kan tebur, babu komai a cikinsa. Ta juyo da yaron ta nuna gaban rigar. Ko ɗigo babu.

Gwaggo ta dubi riga, ta dubi sirinji. "Ta taga kika zubar."

"A'a."

"To ke kika shanye."

Na miƙe zan yi magana, ƙanwata ta ɗaga min hannu. Ni, yayarta, da na goya ta. Na koma na zauna don mamaki.

"Gwaggo," ta ce, "ki zauna ki ci abinci. Idan lokacin na gaba ya yi, a gabanki zan ba shi. Amma ba inda zai je."

"Da wa kike magana haka?"

"Da ke, Gwaggo. Ki yi haƙuri. Ba inda zai je."

Gwaggo ta zauna, ba don ta yarda ba, sai don ta ga ƙarshen abin. Ni ma na ƙi komawa shago.

Da la'asar ta yi, ƙanwata ta shimfiɗa tabarma a tsakiyar falo. Ta girgiza kwalba, ta ja maganin cikin sirinji, ta ɗaga shi daidai idonta kamar yadda take zura zare a allura. Ta naɗe yaron da zani don kada hannuwansa su yi ta kai duka, ta jingina shi a hannunta, kansa a sama, kusan a zaune. Ba ta nufi bakinsa kai tsaye ba. Ta shafa masa kumatu da ɗan yatsa har ya juyo da kansa yana neman abin tsotsa. Sai ta zura bakin sirinjin ta gefe, can cikin kumatu, ta danna kaɗan, abin da bai kai ɗigon hawaye biyu ba. Ta tsaya. Ta zuba wa maƙogwaronsa ido har ta ga ya motsa. Sannan ta sake.

Ciyaman ya haɗe girar nan tasa, ya yamutsa fuska, ya yi ƙorafi. Ta bar shi ya gama ƙorafinsa. Da ya fara kuka sosai sai ta cire sirinjin gaba ɗaya, ta ɗora shi a kafaɗa tana bubbuga bayansa har ya lafa, ta dawo da shi, aka ci gaba daga inda aka tsaya.

Ina kallon hannun Gwaggo. Yatsunta biyu sai buɗewa suke suna rufewa a kan cinyarta.

"Wannan ai sai ya yi gemu ba a gama ba. Miƙo shi, yanzu in sallame ku."

"A'a, Gwaggo."

"Kai, ka ce ta miƙo shi."

Injiniya yana durƙushe a gefen tabarma, ya ƙura wa maƙogwaron ɗansa ido shi ma. Bai ɗago ba. Ya ce, "Bari ta gama, Gwaggo."

Wajen ƙarshe yaron ya turo kaɗan da harshe, ya gangaro ta haɓa ya sauka a kan farar rigar. Gwaggo ta yi wuf ta nuna da yatsa. "Ga shi nan! Ba na faɗa ba?"

Ƙanwata ta duba tabon. Bai fi girman maɓallin riga ba. Ta ce, "Wannan na rigar ne. Sauran nasa ne."

Ta danna na ƙarshe, ta jira ya haɗiye, ta sa shi a nono. Ya kama, bai waiga ba. Muka zauna muna jiran aman da aka saba gani, bai zo ba. Injiniya ya tashi ba tare da ya dubi kowa ba, ya ɗauki jakar yaron ya shiga da ita ɗaki. Muna jin sa yana zuge ta yana mayar da kaya cikin durowa. Gwangwanin madarar ne kawai ya bari a falo, Gwaggo ta sa shi a jakarta, ta ce ba a san darajar mutane ba a gidan nan. Shi ya mayar da ita gida a babur.

Ba a kwana ɗaya yaron ya warke ba, kada wani ya ce na yi ƙari. Zazzaɓin ya fara sauka, tarin ya daɗe kafin ya tafi, sun koma asibiti an sake duba shi, ba a ba shi gado ba. Duk lokacin magani ƙanwata takan ajiye duk abin da take yi, ko tukunya ce a wuta, ta zauna a tabarmar nan har sai an gama. Mai shagon ɗinki ya aiko a tambaya ko ta bar aiki ne, ta ce a gaya masa maɓallai ba sa tari.

Yanzu Ciyaman yana gudu, ya fi uwarsa sauri nesa ba kusa ba, ita ce take bin sa a baya tana kira. Ta koma lungunta kusa da dutsen guga. Matan layinsu sukan kawo mata jarirai idan sun ƙi magani, wasu kuma sukan leƙo su ga yadda abin yake cin lokaci su juya su nufi gidan Gwaggo. Ba ta hana kowa. Idan na kawo mata labarin abin da Gwaggo take faɗa a gari, wai ɗuren da ta yi ne ya karya ciwon, na baya ƙarashe ne kawai, sai ta ciji zare ta ce, "Yaya, ki bar ta mana. Yaron ai yana ɗakina."

Ita ta bari, ni ban bari ba. Rigunan nan ta wanke su, waɗanda tabon ya ƙi fita ta yanka ta yi tsumman goge keke. Guda ɗaya na ɗauke tun ranar, ban wanke ta ba, tana cikin jakata a leda. Ranar sunan jikar maƙwabciyarsu Gwaggo ta fara ba da labarin a gaban mata, ta kai wajen da take cewa da ba don ita ba da an rasa yaron. Na buɗe jaka na ciro rigar, na shimfiɗa ta a kan cinyata, na ce ta ci gaba, muna ji.